Sunan Da Iya Ba Ta Faɗa Ba

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ku yafe ni. Ke kuma baiwar Allah da kika biyo ni ta gefe kina cewa in daina ja muku rai in faɗi kalar anko, ki dakata tukuna. Asabar ɗin da ta wuce ya kamata a sa mini rana. Ba a sa ba, kuma da hannuna na jawo.

Don waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Rahmatu, ina koyar da tarihi a wata 'yar sakandare mai zaman kanta a Badarawa. Gidanmu yana Hayin Banki, gida ne na mutum bakwai da keken ɗinki uku, don Baba tela ne, a zaure shagonsa yake. Wanda zan aura, ko in ce wanda nake zaton zan aura, sunansa Sharhabil, yana kula da kwamfutoci a wata ma'aikatar gwamnati. Ɗan Malali ne, daga irin gidajen nan da ko takalmi yana da kantarsa.

Tarihi ne ya haɗa mu. Duk wanda ya riƙe alli ya san yadda aka yi da mu. An yi shekaru ba a koyar da darasin, da aka tashi dawo da shi aka miƙo mana jadawali aka ce bismillah, littafi kuwa sai dai mu yi ta raba ido. Ni da wasu malamai muka buɗe guruf a waya muna tura wa juna abin da muka tsinto. Wannan ya ɗauko hoton tsohuwar taswira, wancan ya turo shafi uku na littafin da ɓera ya cinye gefensa. Sharhabil ya shigo guruf ɗin ta hannun wani abokinsa, ya yi sati biyu bai ce uffan ba. Rannan sai ga saƙonsa: "Malama, ranar da wayarki ta faɗa ruwa duk wahalar nan ta tafi. Ki bari in gina muku shafi a intanet." Na ce ba mu da abin biyansa. Ya ce shi bai ji inda ya tambaya ba.

Haka aka haifi Rumbun Jiya. Muka zuba darussa aji-aji da Hausa da Turanci, da taswirori, da tsofaffin hotunan tashar jirgi da kasuwa, da tambayoyin gwaji. Ya yi shi mara nauyi yadda ko ƙaramar waya za ta buɗe ba tare da ta shanye data ba. Amma abin da na fi ji da shi, wanda har kaina yake kumbura in an yabe shi, shi ne sashen muryoyin tsofaffi. Nakan bi dattijai gida-gida in naɗi hirarsu: tsohon direban jirgi, unguwar zoma, wani da ya yi aiki a masaƙa tun tana masaƙa. Yara ba sa barci in murya ce take ba su labari. Cikin wannan yawon Sharhabil yake rakiya ta, yana riƙe mini jaka, har rannan ya riƙe jakar ya ƙi saki sai da na ba shi lambar Baba.

To, wata huɗu da suka wuce ina shirya darasi a kan cuta da magani a zamanin da, sai na ce wai me ya sa nake ƙetare gari neman tsofaffi alhali ga tawa a gida? Iya Laraba ita ta haifi Baba. Ta haura tamanin, amma kanta garau yake. Iya za ta faɗa miki ranar da aka haifi kowane jika da abin da aka dafa ran suna. In Umma ta manta inda ta ajiye mabuɗi, Iya ake tambaya.

Bayan la'asar na same ta a ɗakinta, tana bakin gadon ƙarfenta tana tsince wake a faranti. Ɗakin yana ƙanshin turaren wuta da man zafi kamar kullum, kwanukanta na jere suna sheƙi a cikin kabad. Na aza wayar a kan filo na kunna. Ta ba ni labarin agana, da masu yin lambar rigakafi da ake gudu a ɓuya a rumbu in sun shigo gari, da shekarar da sanƙarau ya ɗauke mata ƙanne biyu a sati ɗaya. Muna minti talatin da wani abu sai ta ce, tana ci gaba da tsintar wakenta:

"Shi ma mutumin nan ai daga asibitin mishan ya fito."

"Wane mutumi, Iya?"

Ta ɗago ta watsa mini harara. Kun san tsofaffinmu da kunya. Iya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Baba ma da yake ɗan farinta ne, "na zaure" take ce masa har yau da furfurarsa.

"Kakanki mana. Wa nake da shi?"

Mu dai abin da muka tashi muka ji shi ne kaka ya yi leburanci a tashar jirgi, ƙarfen haɗa tarago ya datse masa yatsu biyu na hannun hagu, shi ya sa ya koma sayar da kananzir. Ranar nan Iya ta warware mini. Kuturta ce. Yana ɗan shekara goma sha biyar ta kama shi a ƙauyensu, danginsa suka yi masa bukka a bayan gari, da sanda ake tura masa ƙwaryar abinci. Da ya gaji ya taka da ƙafa kwana uku zuwa wani asibitin mishan. Shekara shida yana shan ƙwayar magani, har likita ya ba shi takarda cewa ya warke. Bai koma gida ba, ya zo Kaduna inda babu wanda ya san shi.

"Ranar da ya fara zuwa zance wajena, ko zama bai yi ba ya fito da takardar," in ji Iya. "Ya ce ga abin da ya same shi, in zan kore shi in kore shi tun yanzu. Na ce ni ban iya karatu ba, ya mayar da abarsa aljihu. Amma na ce a raina, wanda ya fara da faɗin abin da zai sa a ƙi shi, ba zai zo ya yi mini ƙarya a kan cefane ba. Zancen jirgin nan ni na ƙaga shi, na kai wa iyayena. Shekara arba'in da ɗaya muna ci a kwano ɗaya, ga ni nan, ƙirga yatsuna."

Ta ware mini hannuwanta duka biyu tana dariya. Ni kuwa hawaye nake yi, irin na wanda ya ji an ƙara masa daraja. Na ce, "Iya, in sa wa ɗalibai su ji wannan?"

"Sa mana, su san an sha wuya kafin a zo zamaninsu. Ai ban kira sunan kowa ba. Wata tsohuwa ce ta yi magana a kan wani mutum."

Ku riƙe wannan maganar, don ni ban riƙe ta ba. Na ji ta da kunnena, ta wuce. A jami'a an horar da mu cewa duk hirar da ba ta da sunan mai magana da wuri da kwanan wata ba hujja ba ce, hira ce kawai ta bakin titi. Malaminmu jan biro yake zuba wa duk wanda ya kawo murya ba suna. Duk hirarrakin da ke shafin haka na yi musu, ita ma ban ko tsaya tunani ba. Na zauna a ofishin malamai na buga a ƙarƙashinta: "Hira ta goma sha huɗu. Mai magana: Laraba, matar marigayi Malam Labaran Mai Kananzir, Hayin Banki, Kaduna." Har na koma na duba ko na yi kuskuren harafi. Abin da kunyar Iya ta rufe shekara sittin da wani abu, na buɗe shi a layi biyu, ina jin kaina ƙwararriya.

Wata huɗu ba abin da ya faru sai yabo. An sauke hirar sau ɗari uku da 'yan kai. Wani malami a Katabu ya rubuto cewa 'yan ajinsa sun yi tsit har aka kaɗa ƙararrawa ba su motsa ba. Sharhabil bai taɓa jin ta ba, shi ruwansa shafi ya buɗe da sauri, minti biyu yake saurare ya ce murya ta fita ya wuce. A gidanmu kuwa babu mai shiga shafin, Baba yana ɗaukar abin a matsayin wasan yara masu data.

Bayan an kawo gaisuwa, don murna da alfahari, Sharhabil ya tura adireshin shafin a guruf ɗin danginsu, ya rubuta, "Ga aikin da amaryarku take yi." Kowa ya tura hoton tafi ya wuce, ban da mutum ɗaya. Gwaggo Uwani, yayar mahaifinsa, ita aka ɗora wa binciken asalina. Ta riga ta aiko an zaga unguwarmu, an tambayi limami da masu shago, ba a samo komai ba sai alheri. Amma matar nan shekara talatin da biyar ta yi a ofishin ajiye fayiloli kafin ta yi ritaya, ba ta ajiye takarda sai ta ga ƙarshenta. Ta shiga akwatin nema, wanda ɗan ƙaninta ya gina da hannunsa, ta buga sunan kakana.

Ranar Litinin ina tsakiyar darasi da 'yan aji biyu, na jona wayata da 'yar sifika muna jin tsohon direban jirgi, sai saƙo ya faɗo.

"Ki cire hira ta 14 daga shafi. Yanzu."

Na rubuta da hannu ɗaya: "Lafiya? Ina aji."

"Na cire da kaina. Ina bakin get."

Na san ba lafiya ba, don Sharhabil ba ya barin ofis da rana ko da gobara ake. Na bar wa mai kula da aji sifikar na fita. Yana cikin mota, gilashi a rufe, shaddarsa ruwan toka wadda na ce tana yi masa kyau, hularsa a kan cinya. Ko amsa sallamata bai gama ba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Gaya maka me?"

"Kakanki, Rahmatu."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wallahi har ga Allah ban ɗauke shi sirri ba, darasi na ɗauke shi. Na ce, "Wata huɗu yana kan shafin da kai ka gina. Ɓoyewa kenan?"

"Gwaggo ta ji shi tun daga farko har ƙarshe. Ta tura wa Abba, ta tura wa danginmu na Zariya. Tun asuba wayata take ƙara."

"Kai ma ka san ba gadonta ake yi ba. Ƙwayar cuta ce, an sha magani an warke. Mutumin nan ya mutu da hawan jini yana da shekara saba'in."

"Na sani."

"To?"

"To ni kaɗai zan zauna da ke? Ranar suna ni zan cika gidan?" Ya dafe sitiyari, sannan ya sassauta murya. "Ban ce na fasa ba. Ki ba ni lokaci in san yadda zan yi da su."

Na koma aji na ƙarasa darasin, ban san me na koyar ba.

Da na sauka daga Keke mai ƙafa uku a bakin layinmu na hango baƙar mota a ƙofar gida, direba yana kwance a ciki. Zaure shiru, kekunan ɗinki uku duk a rufe da tsakar rana. A falon Umma na tarar da Gwaggo Uwani ta hakimce a kan doguwar kujera, leshi ruwan ƙwai, mayafi mai duwatsu, gilashi a karan hanci, ƙanshin turarenta ya danne na gidan. Umma ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai da Sallah, ga lemo ga ruwa ga cincin a faranti. Kwalbar ruwan ta yi ta zufa har ta jiƙa tire, ba a buɗe ta ba.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau, 'yata. Matso mana. Mu ga lallen nan naki, wa ya yi miki?"

Babu wani lalle a hannuna sai ɗan ja da ya rage a farce tun na bikin wata ƙawata. Na miƙa. Ba ta taɓa ni ba. Ta sunkuyo da gilashinta ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce in juya, ta duba bayan hannun har wuyansa. Na ga idonta ya tsallaka kan ƙannena mata biyu da ke raɓe a bakin ƙofa, su ma hannunsu take kallo. A rayuwata ba a taɓa wulaƙanta ni cikin ladabi irin na ranar ba.

"Ma sha Allah," ta ce, ta gyara mayafi. "Dama Alhaji ne ya ce in zo da kaina, bai kamata a yi ta waya ba. Asabar ɗin nan tafiya ta taso masa. Sai a ɗan ɗaga, in ya dawo za ku ji mu."

Umma ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ta raka ta har mota da ledar cincin, direban ne ya karɓa.

Baba bai yi mini ihu ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Bayan ya dawo daga sallar la'asar ya kira ni zaure ya tura ƙofa. Yana zaune a kan kujerar kekensa, tef ɗin awo a wuya, ga atamfar da zan sa ranar Asabar a rataye bayansa, saura kalmasa.

"Ina da shekara goma sha biyu ya nuna mini takardar nan," ya ce. "Ranar da muka binne shi na dawo na ƙone ta, don kada wani ya buɗe akwati ya gani. Uwarki shekara ashirin da takwas muna tare, yau ta fara ji, daga bakin baƙuwa. Ke da na sayar da keke na kai jami'a."

"Baba, ba abin kunya ba ne. Jarumi ne, ya..."

"Ni za ki gaya wa ubana? Na san ko shi wane ne. Na kuma san mutane. Ke takarda kika karanta." Ya nuna cikin gida da haɓa. "Ga ƙannenki biyu can suna tasowa. In wannan ya fasa, duk wanda ya zo bayansa zai tambayi dalili. Je ki."

Na tashi na fita. Ina jin sa ya buɗe keke, amma har magariba ban ji ƙarar ɗinki ba.

Talata da Laraba Sharhabil ya yi ɗif. Ina ganin sa a kan layi, in na rubuta sai alama ta nuna ya karanta, babu amsa. Malamin Katabu kuma ya dame ni da tambayar ina hira ta goma sha huɗu ta shiga, wai yana son sa wa sabon aji. Wata malama a guruf ta ce kada ya damu, tana da ita a wayarta, ta tura masa nan take. Ina kallo, ba ni da bakin hanawa. Abin da na yi ta roƙon malamai su yi shekara biyu kenan, su sauke su ajiye su yaɗa.

Ranar Alhamis da yamma ya kira. Na shige ɗakinmu na rufe ƙofa.

"Na samo hanya," ya ce, muryarsa har da ɗan farin ciki. "Na zauna da Abba. Shi ba shi da matsala, wallahi, mutum ne mai ilimi. Dangi ne. Yana son abin da zai nuna musu."

"Kamar me?"

"Gogewa ba ta isa ba, abin ya riga ya zaga. Sai dai gyara. Ki sa sanarwa a shafi cewa an janye hirar saboda mai maganar tsufa ya taɓa ta, tana haɗa labarin wasu da nata. In da hali a samu muryarta tana cewa jirgi ne, ruɗewa ta yi. Minti ɗaya ya isa. Gwaggo ta ce in ta ji daga bakin tsohuwar, ta janye."

"Gwaggo ta yarda Iya ta ruɗe?"

"Ba sai ta yarda ba. Ba wanda zai yarda, Rahmatu. Kowa dai ya samu abin faɗa."

Na ce, "Iya ta fi ni da kai hankali. Sau ɗaya a rayuwarta ta buɗe baki ta faɗi abin da mijinta ya sha da abin da ta yi dominsa, kana so in sa ta a gaban duniya ta ce hauka take? A shafin da nake koya wa yara bambancin hujja da ƙarya?"

"Shafi! Ana maganar aurenmu kina maganar shafi."

"Iya nake magana."

"Ni ma ina da iyaye. Na yi iyakar yina, na tsaya miki inda ba ki gani ba. Abba ya ba ni zuwa Lahadi da yamma." Ya ja numfashi. "Ina son ki. Kada ki sa in rasa ki a kan minti ɗaya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da gaske yake. Da mugu ne da na zage shi na huta. Na ce ba zan yi ba, na faɗa da ƙarfi har sau biyu, na kashe wayar na kifa kai a filo. Na manta bangon da ya raba ɗakinmu da na Iya bulo ɗaya ne, kuma kunnenta ƙalau yake.

Juma'a da Asabar gidan kamar an yi rasuwa. Umma in ta zuba mini abinci sai ta tsaya ta dube ni ta wuce. Atamfata ta ɓace daga zaure. Iya ba ta fito tsakar gida shan hantsi ba, ni kuma kunya ta hana ni leƙa ta.

Jiya Lahadi da hantsi ta aiko a kira ni. Na shiga na tarar an share ɗakin, an gyara gado. Iya ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfar da Baba ya ɗinka mata don ranar sa ranata, shuɗiya mai zanen ganye, ta kafa ɗauri, ta sa kwalli, har da 'yan kunnenta na azurfa. Tana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa.

"Ina abin ɗaukar maganar?"

Na zube a gabanta. "Iya ki yafe ni. Ni na rubuta sunan. Ke ba ki faɗa ba, ni na..."

"Na ji. Ai an gaya mini haka ake yi a makaranta. Kunna."

"Ba zan kunna ba."

"Yaron nan kina son sa?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

"Tambayarki nake."

"Ina son sa, Iya. Amma ba da wannan ba."

"Ni na yi ƙarya domin nawa a gaban ubana, ban mutu ba. Shi mutumin nan yana inda maganar kowa ba ta kai masa. Ke ce a nan. Kunna, ƙafata tana tsami."

Ku zage ni in kuna so, na kunna. Na aza wayar a kan filo, inda na aza ta wancan karon. Iya ta gyara murya ta ce ita Laraba ce, abin da ta faɗa kwanakin baya ba haka ba ne, jirgi ne ya yanke wa maigidanta yatsu a tasha, labarin asibiti na wani maƙwabci ne ta haɗa. Ta faɗe shi tsaf, kalma bayan kalma. Ta ce in sa mata ta ji. Ta saurara da kai a karkace, sannan ta girgiza shi.

"Bai yi ba. Wannan ai mai hankali ce take magana. Matar nan da ta zo ba yarinya ba ce. Goge, mu sake."

Na biyu ta fara tsayawa a tsakiyar magana. Na uku ta saki muryarta ta yi rawa, ta kira ni Asma'u, sunan ƙanwarta da sanƙarau ya kashe, ta tambaye ni ko an dawo da awaki daga kiwo, mu da ba mu taɓa ajiye akuya ba. Ta ce jirgi, ta ce mota, ta koma ta ce jirgi. Ta yi wata 'yar dariya mara dalili da ban taɓa ji a bakinta ba. Ina riƙe da bakina da mayafi don kada kukana ya shiga cikin naɗin.

Minti ɗaya da sakan hamsin. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai kamar wadda ta ɗanɗana miya ta ji gishiri ya yi daidai.

"Wannan ya yi. Tura masa."

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Sharhabil ne: "Abba yana jira. Akwai labari?"

Ban amsa ba. Na miƙe zan fita. Iya ta fara zare 'yan kunnenta tana sakawa a gwangwaninsu, ɗaya bayan ɗaya. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni da ainihin sunana, da muryarta ta kullum.

"Rahmatu. Za su zo su duba da idonsu, ba sau ɗaya ba. Daga yau in kin ji na kira ki da sunan wata a gaban mutane, kada ki gyara mini."